Darasi na 7: Karanta Buhun Iri Kafin Ka Shuka

Damina ta sauya hali. Wata shekara ruwa ya makara. Wata shekara ya sauka da wuri, a yi shuka, sai ya ɗauke sati biyu ko uku, tsiro ya ƙone, a koma neman wani irin. Wani lokacin kuma ya yi yawa, kamar ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a yankin Haɗeja da Ringim. Wannan shi ake kira sauyin yanayi.

Malaman jami'a ma suna noma. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar nazarin noma a wuraren da ke da ƙarancin ruwa. A Samaru ta Zariya kuma akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Daga can ake fitar da iri mai saurin nuna, da mai jure fari, da wanda ƙuduji ba ya kassara shi.

Ga inda karatunmu zai yi rana. Irin Samaru sunansa yana farawa da SAM. Idan ka ga SAMPEA a jikin buhu, wake ne. SAMNUT gyaɗa, SAMSORG dawa, SAMMAZ masara. Lambar da ke biye ita ce ke bambanta wani da wani. Gyaɗar SAMNUT 24, alal misali, tana nuna cikin wajen wata uku. Mai sayarwa a kasuwa ba ya rasa daɗin baki, don haka duba rubutun da idonka.

Kafin shuka, gwada irin. Ƙirga ƙwaya 20, ka jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, ka ninke, ka ajiye a inuwa. Riƙa yayyafa ruwa kullum. Bayan sati ɗaya ka buɗe. In 16 ko fiye sun tsira, irin yana da kyau. In ba su kai ba, kada ka ɓata guminka.

Kuma kada ka watsar da irin gado lokaci guda. Ware kunya goma a gefen gona ka zuba sabon, sauran ka shuka naka. Da kaka sai ka auna, ka faɗa wa malamin gona abin da ka gani, har da ɗanɗanon tuwonsa da yawan harawa, don masu bincike suna son jin wannan.

Aikin gida: Nemo buhun iri a garinku, ka kwafi sunan da lambar a littafinka, ka kawo aji.