Yadda Za Ku Tsare Ƙaramin Yaro Idan Yana Buga Gem a Intanet

Na'urar gem ta yau, ko PlayStation ce ta kamfanin Sony, ko Xbox ta Microsoft, ko Nintendo Switch, ta sha bamban da irin ta da, wadda ake cusa wa kaset yara biyu su zauna gaban talabijin su fafata har a ɗauke wuta. Da zarar an haɗa ta da intanet, ɗan shekara bakwai yana iya jin muryar mutumin da bai taɓa gani ba, ya karɓi saƙonsa, ya ɗauke shi aboki, ya kuma kashe kuɗin da ke cikin katin bankin mahaifinsa, duk yana zaune a falo. Damuwar iyaye da yawa ta tsaya ne a kan daɗewar da yaro ke yi yana wasa, alhali haɗarin da ya fi girma yana wajen mutanen da yake cuɗanya da su da kuma kuɗin da ke fita. Duka kamfanonin uku sun tanadi hanyoyin kariya kyauta, sai dai ba sa aiki sai an zauna an saita su, kuma galibinsu sun rataya ne a kan asusun da yaron yake shiga da shi.

Saboda haka aikin farko shi ne uba ko uwa su buɗe nasu asusun na babba, sannan daga cikinsa su buɗe wa yaron nasa, da ainihin ranar haihuwarsa. A nan ne aka fi tafka kuskure. Sau da yawa akan sayo na'ura a kasuwa, musamman wadda aka riga aka yi amfani da ita, mai shago ya loda mata wasanni ya bar asusun wani babba a kai, a kawo gida a miƙa wa yaro haka nan. Wani lokaci kuma yayansa ne zai buɗe masa asusu, ya ƙara masa shekaru don kada na'urar ta dame su da tambayoyi. Ko wanne ne ya faru, na'urar za ta ɗauki yaron a matsayin baligi, ta sake masa hira da sayayya da kowane irin wasa. Gyara ranar haihuwa bayan an buɗe asusu abu ne mai wuya, don haka idan an riga an yi ƙaryar shekaru, gara a buɗe sabo, ko da yaron zai yi kukan rasa matakin da ya kai a wasanninsa. Sony ba ta sa Najeriya da Nijar cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusu ba, shi ya sa galibi ake zaɓar Amurka ko Birtaniya, amma wannan bai hana a ɗora asusun yaro a ƙarƙashin na babba ba.

A PlayStation 5 za ku shiga saiti, ku nemi sashen da aka rubuta Family and Parental Controls. A can ne ake ƙara yaro cikin iyali, a zaɓi shekarun wasannin da aka yarje masa, a ƙayyade masa lokacin wasa na kowace rana, a kuma hana shi hira da musayar hotuna. Akwai abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa: lambar sirrin da ke kulle saitin na'urar tana zuwa ne daga kamfani a matsayin 0000, kuma yara sun fi iyayensu sanin haka. Ku canza ta zuwa lambar da ba shekarar haihuwar wani a gidan ba, ku hana ƙirƙirar sabon mai amfani da shiga a matsayin baƙo, sannan ku sa wa asusunku na manya tasa lambar, domin duk wani shinge da kuka kafa a asusun yaro ba shi da amfani idan yana iya tsallakawa ya shiga naku. Masu Xbox suna da manhajar waya mai suna Xbox Family Settings, masu Switch kuma suna da Nintendo Switch Parental Controls, kuma duka biyun suna nuna wa iyaye abin da yaro ya buga da tsawon lokacin da ya yi, suna kuma iya tsayar da wasa idan lokaci ya cika.

Maganar hira ita ce ta fi cancanta a daɗe a kanta. Ra'ayina shi ne yaron da bai kai shekara goma ba ba shi da buƙatar magana da baƙi a cikin gem ko kaɗan, kuma rufe masa hirar murya da ta rubutu ba ya rage masa daɗin wasan. Idan kuna so ya yi wasa da ɗan baffansa ko abokinsa na aji, sai ku zaɓi hira da abokai kawai, ku kuma riƙe ikon amincewa da sabon aboki a hannunku, da sharaɗin cewa aboki shi ne wanda kuka san fuskarsa kuka san gidansu. Ku duba hannun gem na PlayStation 5 da kyau: yana da makirufo a jikinsa, don haka ko yaro bai sa hedfon ba, ana iya jin muryarsa da ta duk wanda ke magana a ɗakin, har da kiran sunansa da uwarsa za ta yi daga kicin. Akwai ɗan maɓalli a ƙasan tambarin PS wanda idan an danna shi yake kawo wuta ruwan lemo, alamar an kashe makirufon, kuma a sashen sauti na saiti ana iya sa shi ya riƙa kasancewa a kashe duk lokacin da aka shiga. Barin wannan makirufo a kunne daidai yake da kwana da ƙofar zaure a buɗe. Sunan da yaro zai yi amfani da shi a wasan ma kada ya ƙunshi sunansa na gaskiya, ko garinsu, ko shekarar haihuwarsa.

Wasu wasanni suna da nasu asusun da nasu saitin daban da na na'urar, kuma dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. Fortnite na kamfanin Epic Games yana da lambar sirri ta iyaye mai lamba shida, Roblox kuma yana ba iyaye damar haɗa asusunsu da na yaro su riƙa lura daga wayarsu. Bai kamata a ɗauka cewa kamfani ya riga ya yi abin da ya dace tun farko ba. A watan Disamba na 2022 Epic Games ya amince zai biya dala miliyan 520 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tuhume shi: miliyan 275 saboda karya dokar kare sirrin yara, miliyan 245 kuma don mayar wa mutanen da aka cire wa kuɗi ba da niyyarsu ba. Cikin abubuwan da aka zarge shi da su har da barin hirar murya da ta rubutu a buɗe ga yara tun daga farko.

Wajen zaɓar wasa, ku duba alamar da ke jikin kwali ko shafin saye. Tsarin Turai mai suna PEGI yana amfani da lambobi 3, 7, 12, 16 da 18, na Amurka mai suna ESRB kuma yana amfani da haruffa, inda T ke nufin daga shekara 13, M kuma daga 17. Minecraft yana da 7, Fortnite 12, Grand Theft Auto V kuwa 18 ne, kuma ba na yara ba ne komai nacin da za su yi. Sai dai alamar tana auna abin da ke cikin wasan ne kawai, ba ta auna zagi ko batsar da wani ɗan wasa zai furta a kunnen yaro.

Ta fuskar kuɗi, hanya mafi aminci ita ce kada a ajiye katin banki a kan na'urar, a riƙa sayen katin kuɗi na gem mai ƙayyadadden adadi idan ana son sayen wani abu. A PlayStation, asusun yaro yana cin kuɗi ne daga kuɗin da ke cikin asusun babba, kuma iyakar abin da zai kashe a wata tana farawa ne daga sifili, don haka ku bar ta a haka. A Xbox akwai tsarin da ke turo wa iyaye saƙon neman izini kafin kowace sayayya. Ku yi hattara musamman da wasan ƙwallo na EA Sports FC, wanda ake kira FIFA kafin 2023, domin duk da cewa ya daɗe yana ɗauke da alamar 3, a cikinsa ana sayar da ƙunshin 'yan wasa wanda mai saye bai san abin da zai samu ba sai ya buɗe. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin wannan ciniki a matsayin caca tun 2018, kuma ba na ganin dalilin da zai sa a bar ƙaramin yaro ya saba da shi. Ku kuma sanar da shi cewa duk shafi ko mutumin da ya yi masa alkawarin V-Bucks ko Robux, wato kuɗin da ake sayayya da su a cikin Fortnite da Roblox, kyauta, kalmar sirrinsa yake nema.

Saiti kaɗai ba ya isa, domin mai mugun nufi yakan zo ne da fara'a. Yakan fara da yabon iya wasan yaro, ya yi masa kyautar kayan cikin gem, ya tambaye shi shekarunsa da makarantarsu da ko iyayensa suna gida, daga nan ya ce su koma hira a manhajoji irin su Discord ko WhatsApp ko Snapchat inda ba a sa ido, sannan ya ce wannan sirri ne tsakaninsu. Ƙarshen hanyar yakan zama neman hoto, da barazanar yaɗa shi. Ku koya wa yaro abubuwa uku da zai iya riƙewa: ba a faɗa wa kowa suna ko unguwa ko makaranta, ba a tura hoto, kuma duk wanda ya ce kada ka gaya wa Mama ko Baba, shi ne wanda za a fara gaya musu labarinsa.

Wannan na ukun ba zai yiwu ba sai yaron ya tabbata cewa kawo ƙara ba zai jawo masa duka ko ƙwace na'ura ba. Yara da yawa suna ɓoye abin da ya tsorata su ne saboda sun san hukuncin farko shi ne a kulle gem ɗin a durowa. Idan ya zo muku da magana, ku saurare shi a natse, ku yaba masa da ya faɗa, ku ɗauki hoton saƙonnin da sunan mutumin kafin ku toshe shi, sannan ku kai rahoto ta cikin na'urar. PlayStation 5 tana ba da damar tura gutsuren murya har na daƙiƙa 40 daga hirar da aka yi cikin minti biyar na ƙarshe. Idan abin ya kai ga neman hoton tsiraici ko barazana, kada ku biya ko sisi, kada kuma ku goge shaidar, ku kai maganar ga 'yan sanda, a Najeriya kuma har da NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane.

Na'urar ta zauna a falo, sauti yana fita ta talabijin maimakon hedfon, yadda mai wucewa zai ji abin da ake faɗa. Ku riƙa zama kusa da shi lokaci-lokaci ku ce ya koya muku, domin a nan ne za ku ga sunayen da yake yawan haɗuwa da su. Game da lokaci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a rana a gaban allo. Ga waɗanda suka ɗara haka, ku tsara lokacin yadda ba zai ci salla da Islamiyya da aikin gida da barci ba. Wasan intanet ba a iya dakatar da shi a tsakiya, kuma wanda ya fita yakan jawo wa abokan wasansa asara, saboda haka cewa "wannan zagayen shi ne na ƙarshe" ya fi kashe talabijin kwatsam rage rigima.

Duk lokacin da aka saka sabon wasa, ko aka dawo da na'urar daga wurin gyara, ko 'yan uwa suka zo hutu suka yi amfani da ita, ku sake buɗe saitin ku duba jerin abokai da masu amfani. Idan kuma yaron yana zuwa gidan abokinsa ko shagon gem na unguwa, ku tambayi irin wasannin da ake bugawa a can da ko na'urar tana kan intanet, domin saitin da kuka yi yana bin asusunsa ne ko na'urar gidanku, ba ya aiki idan ya shiga da asusun wani a wata na'urar.