Yadda na gyara farfelar jirgin ruwa da fenti ya cinye

A madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke jihar Gombe gansakuka ce ke damun jirage. Tana kama ƙasan jirgi da abin juya shi da farfela, gudu ya ragu, mai ya ƙare da wuri. Jirgin da aka kawo mini an shafe farfelarsa ta alminiyam da fentin hana gansakuka mai jan ƙarfe a ciki. Fukafukanta duk sun yi ƙananan ramuka da farin gari. Jan ƙarfe da alminiyam idan suka haɗu cikin ruwa, alminiyam ne ke zagwanyewa.

Na kwance farfelar, na kankare fentin kakaf da sanfefa mai lamba 80, na bi da 120, na wanke ta bushe. Ban sake mata fentin ba, domin saurin juyawa yana ɓare shi da wuri, kuma kaurinsa na rage mata kaifin yanka ruwa. Maganinta shi ne a ɗaga inji daga ruwa duk lokacin da aka ɗaure jirgi, a goge ta da buroshi mako-mako.

Abin juya jirgi kuwa a ruwa yake kwana, shi ya cancanci fenti: shimfiɗar epoxy (fentin farko mai hana ruwa shiga) sau biyu, sannan fentin da ba jan ƙarfe sau biyu, kowanne ya bushe kafin na gaba.

Guntun ƙarfen kariya da ake kira anod, wanda ke zagwanyewa a madadin sauran ƙarafan jirgi, kada fenti ya taɓa shi, in ya rufu ya daina aiki. A ruwan daɗi na magniziyam ya fi dacewa.