Yadda na gyara sabar bidiyon da ta ƙi bin umarnin teburin sarrafa fitilu

Muna son teburin sarrafa fitilun dandamali ya riƙa juya sabar bidiyo (kwamfutar da ke tura hoto zuwa allo) kai tsaye ta Art-Net (tsarin aika umarnin fitilu ta hanyar sadarwar kwamfuta), amma ko na ɗaga maɓallin haske, allon bai motsa ba. Na fara duba adireshin na'urorin a hanyar sadarwar. Na'urorin biyu suna kan 2.x.x.x da 255.0.0.0, saƙo kuma yana shiga ta ƙofa 6454 da Art-Net ke amfani da ita, to matsalar ba ta wayar da ta haɗa su ba ce.

Matsalar tana wajen ƙirga rukuni. Art-Net daga 0 yake fara ƙirga rukunonin DMX (DMX shi ne tsarin ba fitilun dandamali umarni, kowane rukuni kuma tarin tashoshin umarni ne), shi kuwa teburin namu daga 1 yake farawa. Abin da teburin ke kira rukuni na 5 yana fita a matsayin na 4, sabar kuma tana zaune tana jiran na 5. Da na mayar da ita 4, nan take hoto ya bayyana.

Sai dai in na matsar da hoton gefe, tsalle yake yi. Tasha ɗaya ta DMX matakai 256 kaɗai gare ta, allon kuma faɗinsa ɗigo 1920, kowane mataki kenan yana tsallake ɗigo bakwai da wani abu. A babban allo, duk mai kallo zai gani. Na sauya bayanin na'urar a teburin zuwa na 16-bit, inda tashoshi biyu ke haɗuwa su ba da matakai 65,536. A kula, kowane shafin bidiyo (wato kowane hoton da sabar ke ɗorawa kan wani) zai ci ƙarin tashoshi, don haka na sake tsara adireshin shafi na biyu kada ya hau kan na farko. Yanzu hoton yana tafiya sumul.