Kurakuran da Ake Yi Wajen Sauraron "Darare a Lambunan Sifaniya"

Da zarar mutum ya ji an ce kiɗan dare ne, sai ya ɗauka na lallashin barci ne, ya kunna ya ja mayafi. Wannan kuskuren ya fi kowanne ci mini rai. Manuel de Falla, mai tsara kiɗa ɗan Sifaniya, ya fara rubuta *Noches en los jardines de España*, wato "Darare a Lambunan Sifaniya", kiɗa mai kashi uku na fiyano da ƙungiyar makaɗa, a birnin Faris a 1909, ya kammala a 1915, aka fara kaɗa shi a Madrid ranar 9 ga Afrilu, 1916. Daren da ke cikinsa irin na kudancin Sifaniya ne, wanda ake kwana ido biyu, ruwa na gudu a lambu, ana jiyo rawa daga nesa. Tashi ka zauna, ka ba shi minti 25 ɗinka cur.

Sai matsalar farkonsa. Kashi na ɗaya yana buɗewa ƙasa-ƙasa, masu gogen biyola na goga tsirkiya dab da jaki, ɗan itacen da ke ɗage tsirkiyar, sautin yana kakkarwa kamar raɗa. A lasifikar waya ba za ka ji komai ba, ka ce kiɗan bai fara ba. Sa abin kunne, ka nemi ɗaki shiru, kuma kada ka ƙure murya, domin gaba makaɗan za su taso gaba ɗaya.

Wasu kuma suna zaman jiran mai fiyano ya nuna bajinta, ya danne sauran makaɗa. Ba za su samu ba. Falla da farko don fiyano kaɗai ya tsara aikin, daga baya ya saƙa shi cikin sauran kayan kiɗa. Wani lokaci fiyanon yana kwaikwayon jita, wani lokaci ɗigar ruwa, can kuma ya ɓace a bayan goge. Ka bi shi kamar yadda ake bin zare ɗaya a cikin saƙi, daɗin yana wurin nemansa.

Sunayen kashi-kashin ma suna ruɗar mutane. Na farko sunan Generalife yake ɗauke da shi, lambun sarakunan Musulmi na Garnaɗa kusa da fadar Alhambra, na uku kuma lambunan duwatsun Ƙurɗuba, garin da aka jingina wa malamin tafsirin nan Ƙurɗubi. Saboda haka sai a sa ran jin kiɗan Larabawa. Abin da Falla ya sha tun yana yaro a Kadis shi ne waƙar mutanen Andalus da filamenko, salon kiɗa da rawa na kudancin Sifaniya, ita ce za ka ji a yadda karin yake kewaya sauti biyu-uku ba ya nisa da su.

Kada kuma ka bar manhaja ta cakuɗa maka jerin. Kashi na biyu, rawar nesa, yana zarcewa cikin na uku babu tsayawa, kuma wannan mahaɗar tana cikin wurare mafi kyau a aikin. In aka yanke ta, hayaniyar bikin da ke kashi na uku za ta faɗo maka ba dalili, lafawar ƙarshe ma ba za ta ratsa ka ba.