Yadda ake tsara kiɗan biki a Nima

Duk wanda zai aurar da 'yarsa a Nima ko Mamobi, unguwanni a birnin Accra na ƙasar Gana, ya fara duba kalanda kafin ya kama mai saka kiɗa. Kowace shekara, tsakanin Mayu da Yuni, sarakunan ƙabilar Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda gabanin Homowo, bikinsu na girbi, kuma wanda ya kafa manyan lasifikoki a titi a lokacin, ana iya kwashe masa su.

Bayan an tsayar da rana, sai a zauna da mai kiɗan a raba masa yinin. Da rana, lokacin da hajiyoyi ke zaune ƙarƙashin rumfa ana rabon waakye, wato shinkafa da wake irin ta Gana, waƙoƙin Hausa na amare ne suka dace, domin su ne ke sa iyaye mata tashi su yi liƙi. Kiɗan zamani irin su Hiplife da Afrobeats a bar wa matasa sai yamma. A gargaɗe shi tun da wuri cewa waƙar kamfen, ta jam'iyyar NDC ce ko ta NPP, ba ta da gurbi a wurin, saboda dangin ango da na amarya ba lallai jam'iyyarsu ɗaya ba.

Da an kira salla, a kashe sauti gaba ɗaya, ba ragewa ba.