Yadda ake gane tsarin injin cikin jirgin ruwan shaƙatawa kafin a saya

Mai son ajiye ƙaramin jirgi a tafkin Jabi da ke Abuja yakan fara da tambayar farashi, alhali abin da zai ci masa kuɗi nan gaba shi ne inda inji yake zaune da hanyar da ƙarfinsa ke bi ya kai ga farfela. Injin da ke rataye a baya ido ya isa. Na ciki sai an ɗaga murfi.

Fara da neman mazauninsa. In yana tsakiyar jirgi, sandar ƙarfe ta fito daga giya ta huda ƙasan jirgin zuwa farfela, to mafi sauƙin tsari ke nan: kaya kaɗan, gyara ba wuya, sai dai ya cinye wurin zama. In yana can baya amma farfela na ƙarƙashin jirgi, tsarin V ne, wato an juya injin, giya ta karɓi ƙarfin ta mayar da shi baya. Dukansu biyu da faifan ƙarfe na bayan farfela ake juya akalar jirgi, kuma farfelar ba ta ɗaguwa.

Sai ka zagaya baya. In ka ga wata ƙafa ta fito daga bangon baya ɗauke da farfela, tana bin sitiyari hagu da dama, wannan ne tsarin da kamfanin injinan jirgin ruwa na Volvo Penta ya fito da shi a 1959, injin MerCruiser na kamfanin Mercury ya biyo baya a 1961. A ganina shi ya fi dacewa da tafki, domin ana ɗaga ƙafar a gefen da ruwa ba zurfi, musamman da rani. Amma ka tsuguna ka duba robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙafa da jikin jirgi. Zafin rana yana busar da ita, in ta tsage ruwa zai riƙa shiga, jirgi na ɗaure ma yana iya nutsewa.

Daga nan zaro sandar gwajin baƙin mai. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga inji, kada ka saya.

Tambayi yaushe aka canja robar famfon ruwa. Waɗannan injina da ruwan tafkin suke huce zafi, robar kuwa tana ƙonewa cikin ɗan lokaci in aka tayar da inji ba ruwa. Leda ɗaya in ta toshe mashigar ruwa ta isa, don haka idonka kada ya bar allurar zafi.

Abin da ya fi damuna shi ne batun bakanike. Yawancin injinan fetur na irin waɗannan jirage daga injin motar General Motors aka samo su, mai lita 4.3 ko 5.7, shi ya sa bakaniken mota a unguwar Apo ta Abuja zai ce ai ya san shi. Ya san rabinsa. Sitata da altanetar jirgi an rufe su ne don kada tartsatsi ya fita, saboda tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi. Kada ka yarda a sa na mota don araha. Kuma duk lokacin da za ka tayar, kunna fankar fitar da tururi ta yi minti 4, ka ɗaga murfi ka shinshina. In ka ji warin fetur, cire hannunka daga makulli har a gano inda yake yoyo.