Kurakuran da sababbin masu auna rafuka ke maimaitawa

Kowace shekara, da ruwan damina ya fara janyewa, ake turo mana sababbin matasa aikin duba rafuka da fadamun da ke cikin gandun dajin gwamnati, daga Falgore a Kano zuwa Baturiya a Jigawa har Dagona a Yobe. Galibinsu masu ƙwazo ne, sun kuma yi karatu. Amma abin da na bara ya yi, shi na bana zai yi, har na gaji da faɗa baki da baki.

Babu wanda ya kai sauya wurin awo ƙona mini rai. An ba ka lambar wuri, ka iso ka tarar da kachalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ya rufe gaɓa, ko taɓo ya kai gwiwa, sai ka hango wani sarari kusa da gada ka ce ai duk kogi ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, ƙanena. Sararin nan da ya burge ka yawanci mashaya ce: kofato ya dama lakarsa, kashin shanu ya cika shi, a nan ake wanki, a nan masu tifa ke ɗiban yashi. Ka auna can, takarda za ta nuna kogin ya lalace cikin shekara guda, alhali kai ne ka matsa. Amfanin aikin nan duka yana cikin kwatanta bana da bara da bara waccan. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da dausayin Hadeja da Nguru ta canza, kachalla ya toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Irin wannan canji a hankali yake tafiya, ba ya bayyana sai ga wanda ya riƙa komawa wuri guda yana auna abu guda.

Wata shekara wani yaro ya yi mini haka a wurare da dama bai faɗa wa kowa ba. Sai da aka shiga rani sosai ina duba hotuna na ga ginshiƙin gada inda ya kamata in ga kurmi. Ruwan ya riga ya tafi, babu halin komawa. Shekarar nan har yau giɓi ce a lissafinmu, ni ne kuma na tsaya gaban masu ba da kuɗin aikin ina bayani. Tun daga nan ban yarda da GPS shi kaɗai ba. Kowane wuri ina da hotonsa ta sama, ta ƙasa da gaɓa biyu, da wata alama da ba ta tafiya, dutse ko tsohuwar giginya. Ka kuma duba tsarin lissafin wuri da na'urarka ta GPS ke kai, domin tsoffin taswirorin ƙasar nan a kan tsarin Minna aka yi su, na'urorin yanzu kuwa wani tsari mai suna WGS84 suke bi, tsakaninsu akwai tazarar mita masu yawa. In da gaske wuri ya gagara shiga, rubuta cewa ya gagara da dalilinsa, ka kira ni.

Lokaci ma haka yake. Ciyayi da gansakukar cikin ruwa suna fitar da oksijin da rana, da dare kuma su da sauran halittu suna shaƙe shi, saboda haka ya fi ƙaranci da asuba, ya fi yawa da la'asar. Wanda ya auna bara da hantsi, kai ka auna bana bayan azahar, lambobinku ba za su zauna layi ɗaya ba. Ni ina gama awon ruwa kafin goma na safe, ina kuma rubuta ƙarfe nawa ne.

Sai maganar rubutu a jikin kwalba. Haba jama'a! Ka wuni a ruwa da raga kana tattara tsutsar mazari, katantanwa da sauran ƙananan halittun da ke gaya mana lafiyar rafi, ka zuba su a sifirit, sa'an nan ka ɗauki alƙalamin maka ka rubuta sunan wuri a bayan kwalba. Sifirit yana narkar da tawada. Murfi ɗaya ya yi yoyo a bayan mota a kan hanya mai gargada, shi ke nan. Na taɓa buɗe akwati na tarar da kwalabe jere, kowacce da shuɗin dabbare a gefe, ba a san ta Falgore ba balle ta Baturiya. Duka muka zubar. Mutum ya sha rana, matsattsaku sun sha jininsa, an ƙona mai, a ƙarshe saboda ƙyuyar yanka 'yar takarda komai ya tafi a banza. Ka rubuta da fensir a takarda mai kauri, wuri da kwanan wata da sunanka, ka jefa ta cikin kwalbar tare da samfurin, ka manna wata a waje. Kada kuma ka cika kwalba da ganye da laka har wuya: ruwan jikinsu zai tsarma sifirit ɗin ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin 100, ƙwarin su ruɓe. Ni rabi nake sawa, in kuma sake sifirit da dare.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. Ɗebi ruwan gwaji kafin kowa ya sa ƙafa, ka fara daga ƙasa kana haurawa sama don kada lakar da ka tayar ta biyo ka. Daidaita na'urar pH, mai auna tsamin ruwa, kowace safiya da ruwan daidaitawa na musamman masu lamba 4, 7 da 10. Kwalaben ruwa su shiga akwatin sanyi mai ƙanƙara nan take, ba a bar su a rana ba. Wurin auna faɗi, ka tuna faɗin ruwan yau daban, faɗin da kogi ke cika daban, wanda za ka gane daga inda ciyawa ta tsaya da inda ambaliya ta rataye shara. Wanke raga da takalmi kafin wuri na gaba, kada ka zama mai yi wa kainuwa dako.

Idan ka tarar rafi ya ƙafe, rubuta ya ƙafe. Wannan ma sakamako ne, wataƙila ma shi ne mafi muhimmanci a shekarar. Wanda ya cike gurbi da lambar da ya ƙirƙira a ƙarƙashin inuwa kuwa, ba na sake fita da shi.

Kafin ka sauka gaɓa, ka gaisa da ma'aikatan gandun daji, ka je wurin mai unguwa da sarkin ruwa. Su suka san inda kada yake, inda gurbi yake, da hanyar da ba a bi a wannan makon. Ka ga hadari ya haɗu a saman kogi, fito ko da inda kake rana ake yi, don ruwan da aka yi a nesa yana iya iso maka ba sallama. Kuma kada zafi ya sa ka cire dogon takalmin roba a ruwa mai kwanciya. Katantanwar da kake ƙirgawa ita ke ɗauke da tsargiya, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga. In ka ga jini a fitsari bayan an dawo, ka tafi asibiti ka gaya musu aikin da ka yi.